Ranar da Aka Zuba Mini Doki a Jijiya

Muna yankan gero a gonarmu ta Banga kububuwa ta sare ni a idon sawu. Kafin babur ya kai mu asibitin Kaura, ƙafar ta zama turmi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ya riƙo ni a bayan babur ɗin, har yau cewa yake ba ta wuce taɓarya ba. To, shi ba a jikinsa take ba.

Malamar asibiti ta ɗaura mini ruwa da maganin dafi a ciki. Ba a jima ba borin jini ya taso mini, wuya da baya duk suka yi rudu-rudu. Na yi susa har na ji ina neman aron hannu.

Kawu ya miƙe ya sa takalmi.

"Malama, cire abin ga. Ƙafa guda muka kawo maki, ga shi duk ya tashi kamar ƙullun waina. Akwai mai maganin maciji can Gurbin Bore."

"Baba, in kun fita da shi yanzu, ƙafar ga ba lalle ta koma gida tare da shi ba," in ji ta.

Ta tsayar da ruwan, ta yi mini allura, sannan ta yi mana bayani a natse. Ashe doki ake ba dafi kaɗan-kaɗan, har jininsa ya ƙera wasu 'yan ƙwayoyi masu cafke dafin su ɗaure shi. Su ake tacewa a zuba a kwalba. Masu gadin jikina kuwa, da suka ga baƙi daga jikin dabba, sai suka yi gangami, gangamin ne ƙaiƙayin. Allurar lallashinsu take yi, su bar baƙi su yi aikinsu.

"Wato doki kuka zuba mai?" Kawu ya dube ni. "Wanga da dama bai da natsuwa?"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. In na tashi, ba ka ƙara hawan babur, ni zan riƙa kai ka kasuwar Shinkafi."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe tsaye yana kallon wuyana, har rudu-rudun ya fara kwanciya. Sannan ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma.

"Maida mai, Malama. Amma sannu-sannu."

Sannu-sannu ta mayar. Kumburin ya ɗauki lokaci kafin ya saɓe, fatar ta yi ta saɓulewa. Da ƙafafuna biyu na fito daga asibitin, ina ɗingishi, Kawu na gaba da tabarma a hammata yana faɗa wai na cika nawa.