Famfon Feshi a Rafin Gwaggo

Bayan ƙauyenmu, kan hanyar Zuru zuwa Ribah, akwai rafin da ke ratsa fadama, ko da rani ba ya ƙafewa duka. Can gwaggona, yayar mahaifina, take kamun ƙaguwa tun tana budurwa. Ba ta da gona, ba ta da ɗa. Ƙaguwar nan ce miyarta, ita ce kuma abin da take kaiwa kasuwa. Ta san su iri-iri: baƙar da ke laɓewa ƙarƙashin dutse, da mai jaja-jaja da ke haƙa rami a gaɓa. In ta kamo mace ɗauke da 'ya'ya a ciki, sai ta mayar da ita ruwa.

Sai ga yayana ya dawo daga makarantar koyon noma, baki kamar rediyo. Wai ƙaguwa abincin 'yan ƙauye ne, wai asarar fadama ake yi. Ya matsa wa Baba har ya ba shi gefen rafin ya shuka shinkafa. Abu ɗaya tak Gwaggo ta roƙe shi: in ya gama feshin maganin ƙwari, ya kai famfon gida ya wanke. Ya yi mata dariyar nan tasa ta masu boko, ya ce an koya musu ruwa mai gudu yana wucewa da komai. Ji shirme! Gidan fa ga shi nan kusa, ƙyuya ce kawai ta ƙaton banza.

Ranar da ya fara feshi, a rafin ya ɗauraye famfon, ya tuttular da ragowar maganin. Washegari na raka Gwaggo. Ƙaguwa birjik a gaɓa, ciki sama, manya da ƙanana. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, don takaici. Ta tsince su cikin ƙwarya, ta dire masa a ƙofar ɗaki.

"Ɗana, ba ni da ƙarfin fartanya. Me zan ci?"

Ko kunya bai ji ba. Ya toshe hanci, ya ce a kwashe, zai riƙa aika mata da abinci. Har cika baki yake yi a majalisa, wai shi ke riƙe da gwaggonsa.

Damina uku ke nan, bai daina wanke famfonsa a can ba, kuma har yau in na gan shi raina ɓaci yake. Gwaggo kuwa takan je rafin da safe ta ɗaɗɗaga duwatsu, ta dawo ta zauna jiran tuwon da matarsa za ta aiko.