Tarwaɗar da Ta Ƙi Ƙarewa a Gidanmu

Shekarun baya, ina 'yar firamare, ambaliya ta cinye mana shinkafa. Wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogin Haɗeja ya san abin da nake nufi. Ka kwanta kana da gona a fadama, ka wayi gari kwalekwale na yawo a kanta. Abin da ya rage mana ɗan geron tudu ne, sai fatan Allah Ya kai mu rani mahaifina ya yi noman tattasai. Nama da kifi kuwa, muka yi sallama da su.

Ana cikin haka wani maƙwabci ya kawo mana bandar tarwaɗa guda ɗaya, ta jaje. Ƙatuwa, baƙa wuluk, ta sha hayaƙi ta bushe ƙamas. Mahaifiyata ta karɓa ta yi godiya, ta shige da ita madafi. Ita fa mace ce da ta gwammace komai da a ce tukunyarta ta tona asirin mijinta. Daga ranar, kullum miyar kukarmu sai ta tashi da ƙamshin kifi har bayan katanga.

Ƙamshi dai muke ji. Ni da ƙannena mu yi ta lalube cikin kwano, ko ƙaya babu. Da na tambaya, sai ta ce, "Kifin na babanku ne. Mutumin da ke wuni yana gyaran gona, ku da kuke wuni kuna tsalle-tsalle za ku ja da shi?" Ka san tsarin gidajenmu, maigida a zaure yake cin abincinsa, yara a tsakar gida. Ba wanda ke ganin kwanon wani.

Wayyo, irin haushin Baba da muka ji, Allah Ya yafe mana! Ni ke ɗauko kwanonsa in ya gama, sai mu taru mu buɗe ko ya rage mana ɗan kai. Wayam. Ƙanwata ta ce, "Baba har ƙayar yake cinyewa." Abin da ya fi ba mu takaici, in ya shigo sai ya ja kumatun autarmu yana murmushi, ya ce, "Masha Allah, kun ga yadda kuke murjewa? Ku dai ci, ku ci." Mu sunkuyar da kai muna hararar ƙasa. A raina ina cewa, kai da ka cinye kifin, har da tsokana?

Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda kifi ɗaya ya kai mu daga ƙarshen damina har aka fara shuka tattasai ba. Kaina bai kai nan ba, cikina kawai nake ji.

Ranar wata Juma'a, aminin mahaifina ya zo daga Kirikasamma, mutum mai barkwanci, suka dawo masallaci tare. Na kai musu tuwo zaure, na durƙusa na ajiye. Baba ya buɗe miya, ya juya ta da cokali, sannan ya dube ni.

"Koma ki ce wa innarku, yau dai ku yi haƙuri. Kifin naku na yau a ba baƙo."

Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, har gobe. Na ce, "Namu kuma, Baba? Ai kai kake ci kullum."

Ya ce, "Ni? Yaushe rabona da kifi? Innarku ta ce ku take ba wa, kuna girma, na ce ta kyauta."

Baƙo ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce, "To ikon Allah. Ko dai aljanun gidan ne ke ci?"

Baba ya ɗaga murya ya ce a kawo kifin nan ya gani. Na ruga ciki, ashe Inna na bakin ƙofa ta ji komai. Ta shiga madafi, ta miƙa hannu saman murhu, ta sauko da wani ƙullin farin ƙyalle mai igiya. Ta ce, "Kai masa. Ai shi ya nema."

Ashe kullum sai ta zura ƙullin cikin miya ya ɗan tafasa, ta zaro shi ta rataye a hayaƙi ya bushe, gobe ya koma aiki. Shi ya sa take korar mu in za ta kaɗa miya.

Da Baba ya kwance, wallahi sai da na tausaya wa kifin. Ya koɗe, ya yi fari fat, ya ƙanƙance kamar tsohon silifa. Baƙo ya ɗaga shi ta wutsiya ya jujjuya, ya ce, "Malam, ku ji tsoron Allah ku sallami bawan Allahn nan. Ya yi aikin da ya isa a ba shi fansho."

Baba ya yi dariya har da tari. Can sai dariyar ta tsaya. Ya tashi ya shiga gida da kifin a hannu, ya tara mu, ya gutsura wa kowa, ya miƙa wa Inna tsoka mafi girma. Ta kau da kai ta ce ita ba ta cika son kifi ba. 'Yar masunta ce fa, a bakin kogi aka haife ta. Ya ce, "Sai kin ci a gabana." Ta ci. Mu ma muka ci, kamar auduga muke taunawa, amma ba wanda ya tofar.

Na daɗe ina ba da labarin nan don a yi dariya. Sai da na yi aure, na ga yadda cefane ke ƙarewa wata bai ƙare ba, na gane abin da ta yi. Ta bar Baba yana jin yana ciyar da 'ya'yansa kifi a shekarar da ba shi da komai, mu kuma muna bugun ƙirji a makaranta cewa a gidanmu kullum miyar kifi ake yi. Abin da ke damuna har yau, duk lissafin da muka yi na wa ya ci, wa bai ci ba, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikin kwanonta ita.

Yanzu in ta zo gidana na dafa kifi, sai in ga ta faki idona tana tura nata gefen kwanon jikoki. Sai na ɗauko tukunyar dungurungum na ajiye a gabanta, na buɗe, na ce, "Inna, duba, akwai saura." Sai ta leƙa ta gani da idonta tukuna take ci.