Hula Mai Baki a Santambul

Takardar tana kan teburin shagona tun Litinin. 'Yata Asma'u ta samu gurbin karatun likitanci a Turkiyya, sa hannuna kawai ake jira. Yayana ya ce ƙasar da ta raba mulki da addini ba wurin kai ɗiya mace ba ne. Ni kuwa shekaru ina sayo ƙofofin ƙarfe a can, amma kakarmu Inna ce ta fara kai ni ƙasar, a cikin labari.

A gidanmu na Ƙofar Dundaye, in an sauke tuwo, Inna takan tura gyaɗa cikin tokar murhu, mu zagaye ta mu sha labari. Wani labarin daga mahaifinta ta ji shi, wanda ya je Makka a ƙasa ya zauna da Turkawa.

Ta ce da sarautar Santambul ta faɗi, wani soja ya hau mulki, ya hana jar dara, ya ce kowa ya sa hular Nasara mai baki a gaba. Bakin nan yana tokare ƙasa, goshi ba ya sauka a sujada. Akwai wani tsoho maɗinki da bai yi gardama ba. A kasuwa bakin hularsa na gaba, in ya shiga sahu sai ya juya shi ƙeya.

Na ce, “Inna, ai munafuki ne.”

Ta ce, “Kai angona, mi ka sani? Goshinai ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba? Ci gyaɗarka.”

Da na fara zuwa Istanbul, wato Santambul ɗin Inna, na ga ƙasar haka take. Tana zama da Turawa, tana gina masallatai a Afirka, tana sayar wa kowa kaya. Mai masana'antar da nake hulɗa da shi ba ya azumi, ƙanwarsa mai riƙe da ofis ba ta wasa da salla. Ban taɓa jin sun yi faɗa a kai ba, ban kuma ce ba sa yi.

Abin da ban tambayi Inna ba shi ne jikokin tsohon: sun koyi juya hular, ko sun manta dalilin juyawa? Tsoron yayana ke nan, nawa ma.

Jiya na kira Asma'u shago. Na ce, “Can ba wanda zai tashe ki asuba.”

Ta ce, “Baba, nan ma ni ke tashinka.”

Na ce ta miƙo biro.