Ranar da Bokan Yayana Ya Yi Shiru

Shekarun baya, lokacin da shinkafa ta fi ƙarfin mai albashi kuma fetur sai an yini a layi, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Zakirai, ga digiri a jaka, ba aikin yi. Na gama bautar ƙasa na dawo gida, ina kula da 'yan awakin mahaifiyata, da damina in bi mutane gona. Abin da ke riƙe da gidanmu gaba ɗaya shi ne motar yayana, wata tsohuwar Golf da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Zakirai da Kano.

A tsakanin nan ne jami'an kiyaye haɗura suka fara fitowa hanyarmu jifa-jifa, da wata na'ura da suke saita mota da ita daga nesa ta nuna musu gudun da take yi. Wanda ya wuce ƙa'ida sai a tsayar da shi, rabin yininsa ya tafi ke nan. Direbobi kuwa da ma suna da tasu dabarar tun tuni. Idan ka wuto jami'ai, sai ka ƙifta wa mai tahowa fitila, shi kuma ya sassauta. Ba wanda ya koya wa wani, haka kowa ya taso ya gani.

Sai wani abokin yayana da ya dawo daga ci-rani ya kawo masa tsaraba: wata 'yar baƙar na'ura, girman sabulun wanka, ana manna ta a gilashin gaba. Wai idan ta jiyo na'urar jami'ai daga nesa sai ta fara ƙara, direba ya rage gudu kafin a gan shi. 'Yan tasha suka sa mata suna boka. Mahaifiyata ta hana a ambaci sunan a gidanta, amma da an fita ƙofa sai a ci gaba.

Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida, yayana ya dube ni ya ce, "Farfesa, wannan abar, doka ta hana ko ba ta hana ba?" Farfesa yake kirana tun ranar da na shiga jami'a, kuma ba don girmamawa ba.

Na ce ya ba ni lokaci. Na yi kwanaki ina bincike a waya. Na gano akwai ƙasashen da suka haramta irin na'urar, akwai waɗanda suka ƙyale ta. Namu kuwa, ban samu abin da zan dafa ƙirji in ce ga shi ba. Da ya sake tambaya sai na ce, "Yaya, a iya abin da na gani, ba zan ce an halatta ba, amma kuma ba zan rantse an haramta ba. Mai yiwuwa ya danganta da jami'in da ya gan ta. Da za a bi tawa da an cire, sai dai ban sani ba ko..."

"Inna, kin ji ɗanki?" ya katse ni yana dariya. "Duk shekarun nan a jami'a, ba e, ba a'a."

Mahaifiyata tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni dai ka riƙa mayar wa mutane 'ya'yansu lafiya."

Na'urar ta ci gaba da zama a gilashi. Ni kuma duk ranar da na shiga motar, idona yana kanta.

Da kaka ta yi, sai wata makarantar kuɗi da ke Rijiyar Zaki ta kira ni intabiyu, suna neman malamai. Ƙarfe goma na safe. Wannan ne kira na farko da na taɓa samu tun da na dawo. Mahaifiyata da kanta ta goge mini farar shaddata da dutsen guga na gawayi. Yayana ya ce shi zai kai ni har ƙofar makarantar, kuma ba zai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. A wancan lokacin, direba ya tafi Kano da mota ba kowa a ciki ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Ranar da safe aka nemi mai aka rasa. Gidan man garin a rufe, 'yan bumburutun da ke bakin tasha galan-galan ɗinsu a kife. Sai da yayana ya ari babur ya shiga wani ƙauye sannan ya samo. Kafin mu tashi rana ta yi sama. Rijiyar Zaki kuwa tana can ɗaya gefen birni, sai mun ratsa Kano kaf.

"Kwantar da hankalinka, Farfesa," ya ce, yana shafa na'urar kamar kan yaro. "Muddin boka bai yi magana ba, hanya tamu ce."

Wanda ya san yankinmu ya san babu daji a wannan hanya. Gari manne da gari, gona manne da gida. Ga shanyar barkono a gefen kwalta, ga amalanken shanu, ga awaki. Yayana ya taka mota har tana rawa. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu: ina so mu isa, ina kuma karanta duk addu'ar da na iya.

Sai wata a-kori-kura mai tahowa daga Kano ta ƙifta mana fitila.

"Yaya, an ƙifta."

"Na gani. Boka bai ce komai ba."

"Ƙila jami'ai ne."

"In ma su ne, ba su da na'ura. Masu duba takardu ne, nawa kuwa cike suke."

Direban a-kori-kurar bai tsaya nan ba. Da muka zo gilmawa sai ya fito da hannu ta taga yana danna shi ƙasa, yana wata magana da ba mu ji ba. Hular kansa kawai na gani, wata ja da ta koɗe.

Gaskiya ba wani hangen nesa na yi ba. Abin da ya zo mini shi ne: idan jami'ai suka leƙo suka ga wannan abar a gilashi, kuma ashe haramtacciya ce, za su riƙe motar, intabiyu ta tafi. Sai na kai hannu na fara ƙoƙarin ɓalle ta.

"Me kake yi?"

"Zan ɓoye ta ne kawai, Yaya. Idan babu komai sai in mayar."

"Sake ta! Za ka tsinka wayar!"

"To rage gudu in cire a hankali. Don Allah. Ban tabbata ba, amma idan..."

"Kai, wannan yaro da tsoron tsiya!" Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki cikin fushi, hannunsa ɗaya yana ture nawa. "To ɓoye! Ɓoye a hularka in kana so!"

A haka muka shiga kwana, muna jayayya a kan waya, gudunmu ya ragu sosai.

Titin cike yake da mutane. Jana'iza ce ake tsallakawa da ita, makara a kan kafaɗu, daidai tsakiyar kwalta. Yayana ya yi salati ya danne birki da ƙarfinsa duka. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja gefe, ƙirjina ya bugi gaban mota. Da ta tsaya, wani mutum daga cikin masu riƙe da makarar ya dafa bonet ɗinmu da hannu don kada ya faɗi. Na ga makarar ta karkata, aka yi maza aka tallafe ta.

Na'urar tana hannuna, fitilarta kore, ba ta ce uffan ba.

Matasa suka yo kanmu. Wani ya bugi rufin motar, wani yana cewa a fito da shi. Yayana, wanda bakinsa ba ya mutuwa a tasha, ya ƙanƙame sitiyari. Sai wani dattijo ya ratso su, ya leƙo ta taga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Samari, ba a ƙifta muku ba?"

"An ƙifta, Baba," in ji yayana, muryarsa can ƙasa.

Dattijon ya ce, "To ku gyara fakin, ku sauko ku raka 'yar'uwarku."

Da muka fito yayana ya raɗa mini, "Kai ka tsaya nan, ka tari wata motar. Ni zan bi su." Na duba agogo. Da na samu mota nan take, wataƙila da na isa a makare su saurare ni, ban sani ba. Amma ƙafafuna ba su yarda su tsaya a bakin titin nan ba. Na bi bayan makara.

Wata tsohuwa ce ta rasu, a kan gadonta, bayan doguwar jinya. A makabarta aka yi layi ana miƙa itace da curin laka, na shiga layin. Farar shaddar da mahaifiyata ta goge ta koma ja har gwiwa. Bayan an yi addu'a, dattijon ya riƙe hannun yayana muna tafe. Ya ce tun da aka ratsa titin ta tsakiyar garinsu, gidaje suka koma ɓangare ɗaya, makabarta da makarantar firamare ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya mutu sai ya tsallaka, duk yaron da zai yi karatu sai ya tsallaka.

"Jami'an nan da kuke gudu," ya ce, "mu muka je muka roƙa a riƙa turo mana su. Ba kullum suke samun zuwa ba. Ranar da ba su zo ba, sai ku direbobi ku tsare mana junanku."

Yayana ya ce, "Allah Ya jiƙan ta, Baba."

Mun isa Rijiyar Zaki bayan azahar. Maigadi ya dubi rigata, ya ce an tashi tun ɗazu, kuma an riga an zaɓi waɗanda za a ɗauka. Na ce ko akwai wanda zan iya gani, ya ce babu. A hanyar dawowa yayana ya ce, "Na ja maka, Farfesa." Wannan ne karon farko da sunan ya fito daga bakinsa ba da tsokana ba. Na ce masa ba shi ba ne, fetur ne. Ina jin rabin maganar gaskiya ce.

Da muka ba mahaifiyata labari, sai ta karɓi rigar ta jiƙa a bokiti, ta daɗe tana kallon ruwan yana yin ja. Ta ce, "Alhamdu lillahi da lakar kabarin wata ce, ba naku ba."

Aikin bai dawo ba. Na ƙara daɗewa a gida kafin Allah Ya kawo wani, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da abin ya riƙa ci mini rai. Amma idan na tuna hannun mutumin nan a kan bonet, sai in rasa bakin ƙorafi. Ina gode wa Allah. Ina gode wa dattijon da ya sa mu cikin sahu maimakon ya bar mu da matasa. Mai jar hular nan kuwa, wanda ban san sunansa ba, ba zan ma gane shi ba in mun haɗu, har yau yana cikin addu'ata. Ya ga fitila ba ta isa ba, ya ƙara da hannu.

Idan ka tambaye ni yanzu ko doka ta hana irin waccan na'urar, zan ce maka ban tabbata ba, gara ka tambayi masana. Abin da na sani shi ne, ita jami'ai kaɗai take jiyowa. Tana nan a cikin kwanon da mahaifiyata take tara tsofaffin makullai, da wayarta a tsinke, kuma har gobe yayana yana cewa ni na tsinka ta.

Kwanakin baya na shiga motarsa zuwa Kano, cike da fasinja. Da muka doshi garin nan sai ya rage gudu kamar mai bin amalanke. Wani Alhaji a baya ya ce, "Direba, lafiya? Sauri nake yi fa."

Yayana ya ce, "Haƙuri, Alhaji. Akwai jami'ai a gaba."

Muka sha kwanar. Babu kowa sai 'yan firamare suna tsallakawa. Ya dube ni, na dubi taga.