Hagu a Rumfar Mai Fenti

Duk inda na shaƙi warin fenti da kananzir, sai shekarar da na bar makaranta ta faɗo mini. Ina aji uku. Ni bahago ne, malaminmu kuwa ya rantse sai ya gyara ni. Da rula yake bin yatsuna, wata rana ma ya ɗaure mini hannun ta baya da tsumma. In na rubuta da dama, kamar kaza ta yi tono, nan ma duka. A gida Baba ba ya son ganin hagu a akushi ko a takarda. Na rasa gane laifina. Sai na shiga fita da safe da kayan makaranta, in zarce tasha.

A can akwai rumfar wani tsohon soja mai rubuta allunan shaguna da jikin motoci. Hannunsa na dama ya shanye tun a yaƙi. Mu huɗu muke raɓe a wurinsa, duk mun gudu daga aji. Ranar farko ya ba ni guntun langa-langa da buroshi, na miƙa dama a tsorace. Ya ce, "Kai, da wanne kake jifa? To riƙe da shi." Dokarsa ɗaya ce: abin da ba ka iya karantawa ba, ba za ka rubuta ba. Ka yarda ko kada ka yarda, a nan na iya karatu.

Lokacin ne aka ɗauki sunan garinmu aka ba sabon birnin tarayya, aka ce mu yanzu Suleja ne. Kowa ya kwaso allonsa a sake masa. Wata safiya da damina, ina durƙushe ina jan layi, sai ga takalman Baba a gabana, ya rungumo allon shagonsa na yadi.

Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya dubi tsohon. "Malam, shi ya yi wannan?"

"Shi ne, Alhaji."

Baba ya ajiye mini allon. "Kada ka ɓata mini," ya ce, ya juya.

Bai taɓa tayar da maganar makaranta ba. Allon kuwa ya rataye shi, har yana nuna wa abokan ciniki. Amma a ranar, da na miƙa hagu zan ɗauki moɗa, ya make hannun sai da na yi hawaye. Yarda ya yi da ni, ko fid da rai ya yi? Har ya rasu ban sani ba, ban kuma iya tambaya ba, abin yana cina.

Yau inji ke buga alluna, tashar ma ta tashi daga wurin. Jikata bahaguwa ce, malamansu ba ruwansu. Jiya tana zaune kusa da ni ta ɗauki fensir, kafin in ankara na buge mata hannu. Ta ɗago ta ce, "Kaka, me na yi?"