Addu'ar Buɗe Taro ta Yaya Sale

Duk wanda ya san Yaya Sale ya san buhun nan da yake ɗaurewa a bayan kekensa. Ba komai a ciki sai takardun 'yan unguwa masu neman aiki. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, amma ko ni ban isa in taɓa buhun nan ba.

Da mulkin farar hula ya dawo ya ci kansila, sai sauran kansiloli suka tura shi ya wakilce su a wata hukumar jiha ta samar wa matasa aiki, nan Nassarawa GRA. Wai don ba shi da surutu! Ranar farko mai gadi ya dubi keken ya ce, "Baba, masu neman aiki ta baya suke bi." Yaya ya ce, "To, madalla." Ya zagaya ya bi layi, ya karɓe takardun kowa. Sai azahar aka gane mamba guda yana can cikin rana.

Shi kuwa ciyaman ɗin hukumar ya hana Yaya magana, kullum, "Honorabul, a bari sai zama na gaba." To lokacin Shari'a ta shigo, ba a taro sai an buɗe da addu'a, kuma Yaya ne mai furfura, shi ake ba. Ai sai ya ɗaga hannu: "Allah ga Sani na Hotoro, difloma gare shi, yana acaɓa. Allah ga Ladi, ta gama karatun malanta, tana zaune." Suna bayan suna, har shayi ya huce. Wa ya isa ya katse addu'a? Ciyaman ya yi gyaran murya, Yaya ya ce, "Allah ga ciyaman, ka ba shi lafiyar maƙogwaro." Don dai a huta, aka fara ɗaukar mutanensa.

Sai na je masa da maganar ɗana Nura, shekara uku da digiri yana zaune.

"Binta, akwai mutane a gabansa."

"Yaya, ɗanka ne fa!"

"Su ma da iyayensu."

Wallahi raina ya ɓaci. Na daina aika masa dambun da nake yi masa duk Juma'a, na ɗauke ƙafa daga gidansa. Ina cikin wannan fushin aka aiko min ya rasu.

Ran uku, akawun hukumar, Mista Bulus mutumin Zariya, ya yi sallama da ni a soro. "Hajiya, ke ce maman Nura? Ai da shi marigayi yake rufe addu'a kullum. Cewa yake, 'Allah ga Nura ɗan Binta, uwarsa na fushi da ni. Ka kawo layi kansa, ko na samu dambuna.' Har ni sai na ce amin."

Layin ya zo kan Nura bayan wata biyu. Na dafa dambu cike da kwanon Yaya, na rasa inda zan aika.

Allah ga Sale, ɗan'uwan Binta. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ni kuma ka sa ya yafe min.