Ranar da Torunn Ta Manta da Dandamali

A cibiyarmu in ka ambaci sunan Torunn Haugland, kafin a gaya maka ta yi shekara talatin da ɗaya tana binciken ƙwaƙwalwa, sai an fara ba ka labarin dandamali. Ni ne mai kula da ɓerayen gwaji a wurin, kuma ina tsaye a ɗakin ranar da abin ya faru, don haka nawa ba ji-ta-ji-ta ba ne.

Muna da wani ƙaton baho da mutum uku za su kwanta a ciki. Mukan cika shi da ruwa mai ɗan ɗumi, mu kaɗa garin madara har ya yi fari fat, sannan mu nutsa ɗan dandamali mai faɗin tafin hannu inda ido ba ya gani. Ɓera ya iya iyo, amma ba ya so. In an sake shi sai ya yi ta lalube har ƙafarsa ta taka dandamalin ya huta. Bayan kwana biyar, mai lafiyar ƙwaƙwalwa kan miƙe kai tsaye zuwa wurin. Wanda tasa ta taɓu kuwa kullum baƙo ne, sai bin bango.

A ranar, baƙi uku suka zo daga wani kamfanin magunguna, da kwat da takalma masu ƙyalli. Torunn ta ɗauko ɓeranta mai lamba goma sha huɗu, wanda aka toshe wa jijiyar jini a ka, aka kuma yi masa allurar maganin da take bincike. Ta sake shi a ruwa. Ya miƙe kamar an ja shi da zare, ya isa wurin, ya miƙa ƙafa. Babu komai. Ya zagaya, ya dawo, ya sake miƙa ƙafa. Dandamalin kuwa yana can kan tebur a bayan baƙin, Torunn ta ɗora kofin gahawarta a kai.

"Reidar," ta ce mini ƙasa-ƙasa, "me ke damun ɗan banzan nan?"

Na nuna mata tebur da haɓa.

Ta yi wuf za ta tsamo ɓeran, santsi ya kwashe ta, sai ga Torunn a cikin baho har kafaɗa. Ta ɗago riƙe da ɓera a hannu ɗaya, madara na tsiyaya daga tabarau. Babban cikin baƙin ya gyara murya, ya tambaya cikin ladabi, wai ko ita ma ta fara shan maganin ne, ko tukuna.

Tun daga nan ba ta sake hutawa ba. Ko kanti za ta leƙa, sai wani ya ɗaga kai daga aikinsa ya ce, "Torunn, kin dai sa dandamali ko?" Ita kuma ta ce, "Ka shiga ka duba mana." Abin da masu tsokana ba sa faɗa shi ne, ɓeran nan da ya ƙi barin wurin shi ya sa kamfanin ya karɓi maganin. Sun ga dabbar da ya kamata ta manta komai, amma ta tuna.

Ta zo mana tana da shekara ashirin da takwas, a kan tsohon keke, da yankan burodi uku da cuku a naɗe cikin takarda. Har ta bar aiki abincin ranarta ke nan. Na taɓa tambayarta me ya kai 'yar masunci ga ɓeraye, ta ce ɓera ba ya kiran taro.

Aikinta bai da wuyar faɗa. In jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ba lokaci guda ɓarnar ke gamawa ba. Tana ci ne a hankali, kamar yadda ruwa ke jiƙa bango, sa'a bayan sa'a. Maganin Torunn yana tsayar da ita kafin ta kai inda mutum ke ajiye sunaye da fuskoki. A kan ɓeraye ya yi abin mamaki. To, amma ɓera, ita ke toshe masa jijiyar da agogo a hannunta, ni kuma ina gefe riƙe da sirinji. Minti goma, an yi masa allura.

Da aka zo gwada shi a kan mutane, sharaɗin shi ne mara lafiya ya iso asibiti cikin sa'a uku. A nan ne aka haɗu da mutanen Norway. Namu, in ya tashi da safe ya ga bakinsa ya karkace, sai ya aske gemu, ya sha gahawa, ya ce bari a ga gobe. Ba ya son a ce ya tayar wa mutane hankali. Likita ai yana da waɗanda suka fi shi jin jiki. Shekara huɗu aka yi ana gwajin a asibitoci shida, kuma kaɗan ne suka iso a kan lokaci. Da aka buɗe sakamako, ba a ga bambancin kirki tsakanin wanda ya samu maganin da wanda bai samu ba. Ko maganin ne bai yi ba, ko mutanen ne suka makara, ba wanda ya iya rarrabewa. Kamfanin ya aiko da takardar godiya mai layi biyar, ya janye.

Torunn ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta sa aka yi mata babban allo mai zane uku, karkataccen baki da hannu mai nauyi da harshe mai sarƙewa, ta shiga yawon ƙauyuka, daga zauren coci zuwa ƙungiyar masu fansho. Mijinta Oddvar, tsohon direban jirgin fito, shi ke kai ta a mota, shi ke ɗaukar allon. Ya ji jawabin nan ya fi sau ɗari. In na je gidansu cin kifi, sai ya miƙe da cokali a hannu yana kwaikwayonta.

"Jama'a, kada ku jira! Kada ku gama wanke-wanke! Kada ku ce bari in sa riga mai kyau!"

"Zauna, tsoho," in ji Torunn, "dankalinka na hucewa."

Sai ya juyo gare ni. "Ka ji ta, mai ɓeraye? Farfesa ce, amma ni na fi ta iya karatun."

Shekara biyu da suka wuce, a hutun Ista, Oddvar ya riga ta tafiya bukkarsu ta kan tsauni ranar Laraba, don ya share ƙanƙara ya kunna murhu. Ita ta tsaya saboda wasu ɓeraye da ke kan kwanansu na biyar. Ranar Alhamis da safe ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi. Bai kira ta ba, don ya san da jin muryarsa za ta gane. Saƙo ya tura mata: komai lafiya, ki taho da lemo.

Ita ta ba ni labarin sauran. Ta isa ranar Juma'a da rana, ta tarar an jera itace tsaf a bakin ƙofa, da hannu ɗaya aka jera shi. Oddvar na zaune a tebur, ɓarin fuskarsa ya zube.

"Tun yaushe?"

"Jiya." Da ƙyar kalmar ta fita.

"Oddvar, kai ka ɗauki allon nan. Kai! Me ya hana ka kira?"

"Ista ce, Farfesa. Likita ma yana da iyali."

A firjinmu na ƙasa akwai ragowar maganin, kwalba arba'in. Ba ta da izinin yi wa mutum shi, kuma ko da tana da shi, an wuce sa'a uku da kwana guda. Hannun ya ɗan dawo daga baya, maganar ma haka. Fuskoki ne ba su dawo ba.

A watan jiya ta yi ritaya. Muka soya waina, aka shafa mata jam na 'ya'yan itace, shugaban cibiya ya yi jawabi, aka ba ta furanni. Na tambaye ta yadda zan yi da kwalaben. Ta ce in zubar, sun daɗe da lalacewa. Da ƙarfe biyu da rabi ta ɗauki jakarta, sai na ce bari in raka ta gidan kula da tsofaffi inda Oddvar yake, don na kwana biyu ban gaishe shi ba.

Muka same shi a bakin taga yana kallon jiragen fito. Ya miƙe, ya ja mata kujera, ya ba ta hannu kamar yadda ake yi wa baƙuwa mai daraja.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ofishin gunduma kike?"

"A'a, wucewa nake yi," in ji Torunn.

"To zauna ki sha gahawa. Kin san matata? Farfesa ce, masaniyar mantuwa. Bari in ba ki labari, za ki yi dariya."

Ya ba ta labarin baho daga farko har ƙarshe, da kofin gahawa, da madara a tabarau, da tambayar baƙon. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ya yi dariya har da share hawaye, ita ma ta taya shi daidai inda ya kamata. Sannan ya dubi ƙofa ya ce bai san abin da ya riƙe matar tasa ba, ta ce za ta taho da lemo.

A tashar mota ruwa na yayyafi. Ni kuma ban iya shiru ba, kuma ban san wata magana da ita ba sai wadda muka saba.

"To, Torunn," na ce, "yau dai kin sa dandamali ko?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Kullum ƙarfe uku nake miƙewa kai tsaye in zo wurin, Reidar. Na san babu komai, amma sai na miƙa ƙafa. Shi ɓeran nan goma sha huɗu ai ya yi sa'a, an tsamo shi."